Bayan Hular Junaidu

Shekara biyu cur Alhaji Haruna yana cewa a'a.

Mutum ne mai manyan motoci da ke bin hanyar Konni zuwa Agadas. Bai ga abin da zai sa ya ɗauki ƴarsa Badi'a ya ba Junaidu, malamin lakwal, wato makarantar boko, ba, ɗan masu noman albasa na Badaguishiri, alhali ga Usman, ɗan abokin sana'arsa, wanda iyayensa suka tako gidan har sau uku. Badi'a ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Zama kawai ta yi, ta ƙi fita wurin Usman, sa'o'inta na ta aure suna haihuwa, har ta kai shekara ashirin da shida a ɗakin marigayiya uwarta. Sai da Goggo Delu, yayar Alhajin, ta rantse ba za ta ƙara cin tuwon gidansa ba, sannan ya sauko.

Ko da ya sauko, da sharaɗi ya sauko.

"A je a yi," ya ce ranar Juma'a bayan an taso masallaci. "Amma ku ji ni da kyau. In wagga magana ta ɓaci, ko ta wace hanya, kada wanda ya sake zo mani da wani suna. Usman na nan, bai tahi ko'ina ba."

Aka sa rana, wata biyu.

A danginsu na wajen uwa, mace ba ta shiga ɗakin miji sai ta ɗinka masa da hannunta hular da zai sa ranar ɗaurin aure. Wannan bai tayar wa Badi'a hankali ba, don ɗinkin hula shi ne sana'arta. Tana shekara bakwai uwarta Ummul-Khairi ta danƙa mata allura, ta kuma tsare ta da koyo har ranar da ta bar duniya, Badi'a na da shekara goma sha biyar.

Ranar Laraba bayan la'asar Junaidu ya iso kan motonsa, wato babur, daga Tsarnawa inda yake koyarwa. Ya tarar ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta jera zaruruwa a faranti kala-kala.

"Mushe, zaɓi," ta ce, kamar yadda ɗalibai ke kiran malaminsu.

"Ni mi na sani ga zare? Wanga jan ya yi mani."

"Wanga zuba yake. Wanki guda, ka fito kamar an fasa maka kai."

"To wancan mai walƙiya."

"Roba ce ta yi mai yawa. Sati guda yana ɗaukar ido, daga nan ya tashi gashi kamar tsohuwar kyanwa." Ta ture shi gefe, ta ɗauko wani shuɗi mai duhu ta ɗora a tafin hannunta. "Ga na ciko. Alharini ne, sai an lallaɓa shi, amma jikanka ma sai ya sa hular. Sarƙar baki kuma da ruwan madara za ni bi ta."

"To mi ya sa kika ce in zaɓa?"

"Don in an tambaye ka ka ce kai ka zaɓa."

Ya yi dariya har ya jingina da bango. Ta ce masa in ƙananan ɗinki ta yi, irin wanda ake cika zane tsaf ba a ganin farin ƙyalle, sati bakwai zai ci. In manya ne, sati biyu ta gama.

"Yi manyan mu huta."

"Shekara biyu na yi ina jiranka, kai ba ka iya jiran hula sati bakwai?"

"Cindo, bakinki ya fi allurarki tsini."

Shi kaɗai ke kiranta haka. Da yatsa shida aka haife ta a hannun hagu, aka cire na shidan tun tana jaririya, ya bar ɗan tabo kamar ƙwayar dawa a gefen ƙaramin yatsa. Tana yarinya ɓoye shi take yi. Tun da Junaidu ya mai da shi sunan wasa ta daina ɓoyewa.

Da zai tafi ya ciro wani ɗan ƙunshi cikin leda daga aljihu.

"Inna ta ce in kawo maki. Hulata ce tun ina goye. Ta ce in da hali a yi mani irin zanenta, wai hular alheri ce. Kin san tsofaffi."

Ta karɓa tana murmushi. Ya tayar da moto don kada magariba ta riske shi a hanya.

A ɗaki ta kwance ledar. Ƴar hula ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ta koɗe, tana ƙamshin akwati. Zanen ba wani mai wuya ba ne, ƴan gidaje ne a jere, shuɗi da ruwan goro. Sai ta yi abin da duk mai wannan sana'a take yi in aikin wata ya shigo hannunta. Ta juya hular, ta duba baya.

Babu ƙulli ko ɗaya.

Duk inda zare ya ƙare, an cusa shi ƙarƙashin ɗinki sau uku, an dawo da shi an gitta, ya bar ɗan alama kamar sawun tsuntsu. Badi'a ta san wannan sawun fiye da yadda ta san fuskarta. A kansa uwarta ta sha bugun yatsunta da bayan almakashi, tana cewa ƙulli na cin kan mai hula, rago ne ke ƙulli. Ummul-Khairi ba a wurin kowa ta koya ba, ita ta ƙirƙiro abinta, kuma ban da ƴarta ba ta koya wa kowa ba.

Ta buɗe akwati ta ciro rigar matashin kai da uwar ta ɗinka a shekararta ta ƙarshe, ta juya, ta jera su. Hannu ɗaya ne.

Farin ciki ne ya fara zo mata. Ta fita da sauri ba ko takalmi, ta tarar da Goggo Delu a gindin bishiyar bedi tana tsinkar zogale.

"Goggo, dubi ikon Allah. Hannun Umma ne. Hular Junaidu ta yarinta, Umma ta ɗinka ta. Ashe tun can an haɗa mu."

Goggo ta karɓa, ta kai kusa da ido. Ba bayan ta duba ba, zanen ta duba. Ta daɗe tana kallo. Ganyen da ke cinyarta ya zube ƙasa ba ta kula ba.

"Wa ya ba ki wagga?"

"Innarsa ta aiko."

"Innar tasa ƴar ina ce? Ba inda take aure ba, inda anka haife ta."

"Tajaye."

Goggo ta rufe ido ta yi salati a hankali. Ta tashi, ta ja hannun Badi'a zuwa ɗakinta, ta saki labule.

"Abin da za ni faɗa maki, ubanki ma bai san shi ba."

Ta ce Badi'a na da wata biyu nonon uwarta ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti. Alhaji na can arewa da motoci, lokacin babu salula. Goggo ce ta yi jinya. Nono ya ƙafe. Aka gwada madarar gwangwani, jaririya ta ƙi. Aka gwada na akuya, ta amayar. Kwana biyu tana kuka har muryar ta tafi.

"Gadon kusa da namu akwai wata mata, tana jinyar ɗanta. Yaro ne ɗan shekara guda da rabi, ruwan zafi ya zube mai ga ƙafa. Ba ta yaye shi ba. Ita ta miƙo hannu ta ce a ba ta ke."

Badi'a ta tuna tabon ƙunar da ke ƙafar Junaidu ta dama, wanda yake fitowa in ya naɗe wando zai hau moto.

"Sau nawa, Goggo?"

"Kwana ashirin da wani abu. Safe da rana da maraice, ke ga wanga nono, shi ga wancan. Ƴar Tajaye muke ce mata, ban taɓa sanin sunanta na yanka ba. Da uwarki ta samu ta iya zama, ba ta da abin ba ta, sai ta ciro zaren da ke cikin jakarta ta yi ma yaron hula. Ina zaune anka yi ta. Munka rabu, ba mu sake haɗuwa ba. Munka ɓoye ma ubanki, don kin san halinsa, zai ce an ba ɗiyarsa nonon da bai san asalinsa ba."

Can waje akuya na cin zogalen da ya zube.

"Ke nan Junaidu yayana ne," in ji Badi'a.

"Rufe bakinki." Goggo ta riƙo kafaɗunta. "Wa ya ce? Hula yawo take. A ba wani, wani ya ba wani. Ƴan Tajaye nawa ne cikin duniya? Yara nawa sunka ƙone? Ni na tsufa, ƙila ma na ruɗe."

"Ba ki ruɗe ba, Goggo. Kin gane ta tun ba ki juya ba."

"To ko ban ruɗe ba. Uwarki ta rasu. Waccan ba ta san sunanki ba, ba ta san gidanga ba, ciwon gwiwa ya hana ta zuwa Konni. Ni ɗai na sani, ni kuwa na kusa tahiya. Ki ƙona wagga hula, ki ce ma Junaidu ɓera ya ci."

"Goggo, ke ce ke faɗin haka?"

Sai tsohuwar ta fashe da kuka.

"Ni na tsaya maki. Ni na ɓata da ƙanena saboda ke. Kin ji abin da ya ce ranar Juma'a. Kina buɗe baki, Usman ne, kuma ba ni da sauran ta cewa. Ina son in ga kin yi dariya cikin ɗakinki kafin in mutu, laifi ne?"

Goggo Delu mace ce mai sallah, mai azumin Litinin da Alhamis. Amma so ya rufe mata ido ranar nan, ta nemi a taka abin da ta san ba a takawa. Kada wanda ya yi saurin zaginta. Da yawa masu tsoron Allah ne har sai abin ya biyo ta kan ɗan da suka raina.

Badi'a ba ta ƙona hular ba. Ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Alhamis ta zana gidajen a farin ƙyalle, ta zura shuɗin alharini a allura, ta fara ciko. Ta ce wa ranta aiki zai ɗauke mata tunani. Ta cika gida ɗaya, zare ya ƙare, hannunta ya cusa shi sau uku ya dawo ya gitta, ba tare da ta sa shi ba. Ta tsaya tana kallon sawun. Ta sake zura wani, ta cika gida na biyu, da niyyar ta ƙulla a wannan karon kamar kowa. Hannun ya ƙi. Gida nawa ne a hular, zare nawa zai ƙare, kuma kowane ɗaya sai ya tuna mata da hannun da ya yi waccan da dalilin yin ta.

Juma'a Usman ya zo gaida Alhaji. Ta ji muryarsa daga zaure, a natse, ba ko ɗaci.

"Allah shi sa alheri, Baba. Ni dai ban cire rai ba, sai na ga an shafa fatiha."

Alhaji ya yi dariya ya ce haka ake son namiji. Allura ta shige yatsan Badi'a, jini ya ɗiga a farin ƙyallen. Ba ta goge ba.

Asabar da hantsi Junaidu ya zo, babu lakwal. Ya shigo zaure da fara'arsa, ya ce a nuna masa inda aka kai. Ta ajiye masa huluna biyu a tabarma, tsohuwa da wadda ta fara, duka a juye.

"Dubi bayansu."

"Na duba. Zare ne."

"Dubi inda zaren ya ƙare. Nan, da nan. Iri guda ne?"

"Iri guda ne. Kin iya kwaikwayo, Cindo."

"Ban kwaikwaya ba. Hannun uwata ne. Mu biyu ɗai ke yin haka cikin duniya."

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba, idonta a kan tabarma. Asibitin, matar gadon kusa, yaron da ya ƙone, kwana ashirin. Tana cikin magana ya janye ƙafarsa ta dama ya rufe ta da riga.

Da ta gama ya girgiza kai.

"Labarin tsohuwa ne," ya ce. "Shekara ashirin da shida, Badi'a. Mutum ko abin da ya ci shekaranjiya mantawa yake."

"Zare ba ya mantawa da wanda ya ɗinka shi, Junaidu. Ga shi gabanka."

"Ƙila saye anka yi. Ƙila uwarki ta saida hula ga kasuwa, ta bi hannu ta kai Badaguishiri."

"Ƙila."

"To tunda ƙila ce, mu bar ta ƙila. Ban ji ba, ba ki faɗa ba. Wa ya sani?"

"Ni."

"Shekara biyu ubanki na kallona kamar bara ya kawo ni. An ce mani matsiyaci cikin wanga zaure, na haɗiye. An ba ni mata biyu garinmu na ƙi. Yanzu da ya rage sati bakwai, ki zo mani da ƴar hular da ba ta rufe gwiwa?" "Mi ya kai ki juya ta? Inna zane ɗai ta ce ki duba."

"Haka anka koya mani. Da na san abin da ke baya, wallahi ban san ko zan juya ba." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Kwana uku ina neman hanyar da zan yi shiru. Na nema da gaske. Na ce in ƙona ta, na kai ta har bakin murhu. Amma sai in ga ranar da zan haifa maka ɗa, in ɗora shi ga nono, ina sane. In dube ka in ce mijina, ina sane. Kai ka iya?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Kuma ka san abin da ke jirana in ta tabbata. Jiya ma Usman yana nan, wurin da kake zaune. Kada ka ɗauka sauƙi na zaɓa."

"To mi kike so in yi?"

"Kira Inna. Ka tambaye ta wa ya ɗinka hular. In ta ce saye ta yi, na rantse maka ba ni sake tada maganar, in gama maka hularka cikin sati bakwai."

Ya ciro salula ya riƙe, yana kallonta kamar ta miƙa masa wuƙa. Sau biyu yana lalubo lambar yana fasawa. A na uku ya danna, ya buɗe murya, ya ajiye tsakaninsu a kan tabarma.

Ta yi ƙara har sau biyar kafin a ɗauka. Ana jin kaji da sautin turmi a bayanta.

"Junaidu? Lahiya da hantsi haka?"

"Lahiya lau, Inna. Hular nan tawa ce. Ana tambaya, a ina kika saye ta?"

"Saye? Wa ya ce maka saye na yi? Ai ba a saida irinta. Wata baiwar Allah ta yi maka ita asibiti, lokacin da ka ƙone. Ƴar Konni ce, mai hannu kamar na aljanu. Ciwon nono ya kama ta, ni na shayar mata da jaririyarta tare da kai, ya fi sati uku. Ban taɓa ba ka labari ba?"

Junaidu ya ce, "Jaririyar, Inna. Kin tuna wani abu nata?"

"Ina zan manta ɗiyar da ta sha nonona? Ƴar fara ce, mai ci kamar me, har kishi kake da ita kana ture ta. Cindo ce, ga hannun hagu. Gabana uwar ta ɗaure yatsan da zaren da ta yi maka hula, shuɗin nan, kwana shida ya bushe ya faɗi. Kullum ina sa ta addu'a, ban san ko tana raye ba."

Badi'a ta dubi hannunta na hagu. Yana kan sabuwar hular, tabon a fili.

"Junaidu, ka yi shiru. Ko wani ya gane ɗinkin? Ai da gangan na aika da ita, na ce tunda Konni za ka yi aure, ƙila Allah shi sa a dace. Tambayi amaryar taka, tunda ita ma mai ɗinki ce, ko ta san gidan. In an samu yarinyar a gaya mata tana da uwa Badaguishiri. Ka gayyato ta bikin, ƙanwarka ce, ita ya kamata ta kama maka amarya."

Daga cikin gida aka ji takun Alhaji yana nufo zaure, yana gyaran murya kamar yadda ya saba in zai wuce.

Badi'a ta zare allurar daga sabuwar hular ta soke ta a gefen zaninta. Ta ɗauki salular da hannu biyu, ta kai kusa da bakinta.

"Ina kwana, Inna," ta ce. "An same ta. Ni ce."